Wane ne Maƙwabcin Injiniya?

Da yawa daga cikin abokan karatuna a wannan sashe sukan tambaye ni dalilin da ya sa mutumin da ya karanta shari'a, har ya sa baƙar riga ya tsaya gaban alƙali, zai dawo ya zauna kan benci yana koyon ƙirar kalma da ilmin ma'ana. Nakan dai yi murmushi in ce sha'awa ce, domin amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofar aji. To, tun da yake masu kula da wannan mujalla sun ba ni fili, bari in ba da amsar a nan gaba ɗaya. Gaskiyar magana ita ce, wani aji ne na ɗaliban injiniyanci ya koro ni nan.

Ga yadda abin ya faru. Wasu shekaru da suka wuce aka ɗauke ni koyarwa ta wucin gadi a wata jami'a, aka danƙa mini darasin shari'a domin injiniyoyi. Darasi ne na zango ɗaya, awa biyu a mako, wanda ake ba 'yan shekarar ƙarshe, wato shekara ta biyar. A zaure ɗaya akan tara su duka, da masu nazarin gini da hanyoyi, da masu lantarki, da masu injuna. Manhaja ta ce a koya musu tushen dokokin ƙasa, da dokar ƙulla yarjejeniya, da dokar ɓarna da diyya, da ɗan abin da ya shafi rajistar injiniyoyi. Watau abin da mu muka shafe shekaru muna fama da shi, shi ake so in ɗura musu cikin 'yan makonni.

Na shiga aji ranar farko da takarduna a hammata, ina ji da kaina. Na bayyana musu cewa dokokin Nijeriya daga maɓuɓɓuga da dama suke gudanowa: akwai tsarin mulki na 1999 wanda yake bisa kowace doka, akwai dokokin majalisu, akwai shari'ar Musulunci da dokokin gargajiya, akwai hukunce-hukuncen manyan kotuna, sa'an nan akwai abin da muka gada daga Ingila, har da dokokinta na gama-gari waɗanda suke aiki can a ranar 1 ga Janairu 1900. Na yi ta zuba Turanci, ina haɗawa da Latin don a san na yi karatu. Na gaba suka yi ta rubutu ba ɗaga kai, na baya kuwa suka fito da na'urar lissafi suna aikin binciken kammala digirinsu. Haka muka yi mako uku, ina magana kamar mai shuka a kan dutse.

A mako na uku wani dogon saurayi daga can baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, don Allah wannan darasi ba shi da fomula ne? A ba mu mu haddace mu huta." Aji ya kwashe da dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kuwa nuna masa haka. Amma da na koma gida na kwanta, sai na ga yaron bai faɗi ƙarya ba. Shekara huɗu ana horar da su a kan cewa kowace tambaya tana da amsa guda, wadda za a iya ja wa layi biyu a ƙarƙashi. Ga shi yau an kawo musu wani mutum wanda duk abin da aka tambaye shi sai ya ce, "Ya danganta." Kuma ban taɓa nuna musu inda wannan karatu ya haɗu da rayuwarsu ba. Laifin nawa ne.

Mako na huɗu aka ɗauke wuta, majigin da nake haska rubutuna da shi ya mutu. Lokacin kuwa ana gab da babbar salla. Da na rasa abin yi, sai na ajiye takardu na yi musu tambaya da Hausa, na maimaita da Turanci saboda waɗanda ba sa ji sosai. Na ce, mutum ne ya je kasuwa sayen rago. Mai rago ya ce a kawo dubu ɗari. Mai saye ya taya tamanin, mai rago ya ce albarka. Mai saye ya zaga kasuwa ya ga ko'ina da tsada, ya dawo ya ce, to ya saya a dubu ɗarin. Mai rago ya ce a'a, yanzu kam sai da ƙarin ashirin. Shin mai rago ya karya alkawari?

Jama'a, ban taɓa ganin aji ya farka haka ba. Waɗanda ban san muryarsu ba suka miƙe suna gardama. Daga bisani 'ya'yan 'yan kasuwa suka rinjayi saura, suka ce babu alkawarin da aka karya, domin ciniki bai faɗa ba: tun da mai saye ya yi nasa tayin, maganar farko ta tashi, kuma ba a ce "na sallama" ba. Sai na gaya musu cewa abin da suka yanke yanzu shi ne daidai abin da wata kotu ta yanke a Ingila a 1840, a kan wata gona da mai ita ya sa wa fam 1,000, mai saye ya taya fam 950, aka ƙi, ya dawo yana neman a tilasta a sayar masa a kan farashin farko. Kotu ta ce sabon tayi ya kashe tsoho. Wannan hukunci har yau ana karantar da shi, kotunanmu kuma suna aiki da ƙa'idarsa.

Daga nan hanya ta buɗe. Na nuna musu cewa sa'ad da ma'aikata ta buga sanarwar neman 'yan kwangila, kiran masu tayi kawai ta yi. Takardar farashin da ɗan kwangila ya miƙa ita ce tayi, wasiƙar ba da aiki kuwa ita ce sallamawa. Idan wasiƙar ta sauya kuɗi ko wa'adi, to ba sallamawa ba ce, sabon tayi ne, sai ɗan kwangila ya amince kafin ciniki ya faɗa. Abin da na kasa fahimtar da su cikin mako uku, kasuwar raguna ta fahimtar da su cikin rabin awa.

Amma ba ko'ina ne al'adarmu da dokar da muka gada suka yi tafiya tare ba, kuma a wuraren da suka rabu nan ne darasin ya fi armashi. Na gaya musu cewa a wannan doka, alkawari ba ya zama abin da kotu za ta tilasta sai in kowane ɓangare ya ba da wani abu ko ya ɗauki wani nauyi a madadin na ɗan'uwansa. Idan attajiri ya yi wa mutanen ƙauye alkawarin rijiyar burtsatse kyauta, daga baya ya fasa, ba su da ƙarar da za su kai, sai fa in ya rubuta alkawarin cikin takarda ta musamman mai hatimi. Wata ɗaliba ta ce cikin mamaki, "Malam, ashe a kotu alkawari ba kaya ba ne?" Na ce mata kaya ne a wuyan mai mutunci, sai dai doka ba ta ɗauki nauyin mayar da kowa mai mutunci ba. Iyakarta ta shata layin da in mutum ya faɗa ƙasa da shi za a kama shi. Na ƙara musu da cewa yarjejeniyar baka tana iya zama yarjejeniya, amma ranar musu wa zai tabbatar da ita? Don haka in mai gini ya tsaya a wurin aiki ya ce a ƙara masa ɗaki ko a sauya ƙofa, kada a ɗaga bulo ko ɗaya sai umurnin ya shiga takarda.

Duk wannan share fage ne. Zuciyar darasin tana cikin dokar sakaci, a nan ne kuma na ba su labarin dodon koɗi. A watan Agusta na 1928, a garin Paisley na ƙasar Sikotlan, wata mata mai suna May Donoghue ta shiga shagon shan lemo, wanda suke tare ya saya mata lemon citta cikin kwalba mai duhu. Bayan ta sha, aka tsiyaye ragowar, sai ga ruɓaɓɓen dodon koɗi, kamar yadda ta faɗa a ƙararta. Ta yi rashin lafiya. Matsalarta ita ce ba ita ta sayi lemon ba, saboda haka babu ciniki tsakaninta da mai shago, balle mai masana'antar da bai taɓa ganin ta ba. Magana ta kai har kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan zamani, a 1932 alƙalai uku cikin biyar suka ce tana da damar ƙarar mai masana'antar. Ɗaya daga cikinsu, Lord Atkin, ya kafa hujjarsa a kan haƙƙin maƙwabci. A bayaninsa, maƙwabcinka a idon doka shi ne duk wanda aikinka zai iya shafa kai tsaye, har ya kamata a ce ka tuna da shi a lokacin da kake aikin.

Na rubuta kalmar maƙwabci a allo, na tambaye su, wane ne maƙwabcin injiniya? Aka yi shiru. Can wani ya ce, wanda zai kwana a gidan. Wani ya ce, direban da zai hau gadar. Wata ta ce, yaron da zai taɓa turken lantarki da damina. Wani kuma ya ce, leburan da ke ƙarƙashin rufin kankare ranar da za a cire katako. Kafin a tashi allo ya cika. Na ce musu, to ku duba, duk waɗannan babu wanda zai sa hannu a kwangilarku, babu wanda zai biya ku, akasarinsu ma ba a haife su ba tukuna, amma kowannensu yana da haƙƙi a kanku wanda kotu ta sani.

Wannan tunani ba Turawa suka fara shi ba. A dokokin Hammurabi, sarkin Babila wanda ya yi mulki wajen shekara 1,750 kafin haihuwar Annabi Isa, an tanadi cewa in magini ya yi gida ba da inganci ba, ya rushe ya kashe mai gidan, to a kashe maginin, in kuwa bango ne ya karkace, ya gyara da kuɗinsa. Dutsen da aka sassaƙa waɗannan dokoki a kai an tono shi a 1901, yana gidan tarihi na Louvre a birnin Faris. Ina cikin wannan bayani sai wani ɗalibi da ya yi karatun zaure ya tunatar da ni cewa a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a ƙasar Hausa tun kaka da kakanni, an ɗora wa masu sana'a, irin su maɗinki da marini, lamunin kayan da aka ba su suka tafi da shi bayan idon mai shi. Na gode masa, domin ya kawo abin da ya fi nawa kusa da gida. Hikimar ɗaya ce: wanda ya san abin da jama'a ba su sani ba, yake kuma aiki inda ba sa gani, nauyinsa ya fi na kowa.

A nan ne na fara cin karo da matsalar da ta kawo ni wannan sashe. Da na tambaye su yadda za a faɗi wannan laifi da Hausa, sai kalmomi uku suka fito: kuskure, da sakaci, da ganganci. Muka shafe awa guda muna rarrabe su, na kuwa ga Hausa ta yanka wurin da kyau. Kuskure shi ne ka yi iyakar abin da gwani zai yi, amma abu ya ɓaci. Sakaci shi ne ka bar abin da ya kamata ka yi, ko ka yi shi da kasala. Ganganci shi ne ka hangi haɗarin ƙuru-ƙuru ka ci gaba. Doka ba ta neman injiniya ya zama wanda ba ya kuskure. Ma'auninta shi ne matsakaicin gwani a wannan sana'a, mai kula da aikinsa. Wanda ya kai ƙara kuwa sai ya tabbatar da abu huɗu: akwai haƙƙinsa a kan injiniyan, an tauye haƙƙin, ya cutu, kuma tauyewar ce ta jawo cutar. In rai ya salwanta, magana takan wuce diyya, domin dokar Final Kod wadda ta fara aiki a Arewa a 1960, da dokokin da jihohi suka gina a kanta, sun mayar da kisa ta hanyar sakaci ko ganganci laifi mai hukunci.

Sa'an nan na juya ga dogon saurayin nan mai neman fomula, na ce yau ga ranarsa. Zane ya ce a sa rodi mai kaurin milimita 16 a ginshiƙi, ɗan kwangila ya sa mai 12, adadin sanduna bai sauya ba. Ƙarfe nawa aka rage? Nan da nan ya latsa na'urarsa ya ce faɗin bakin na farko wajen murabba'in milimita 201 ne, na biyu 113, watau an rage kusan kashi 44 cikin ɗari. Na ce, ga idon mai gida bambancin milimita huɗu ne kawai, da zarar an zuba kankare ma ba mai sake gani. Kai kaɗai ka san kusan rabin ƙarfen ya tafi. In ka sa hannu, cikin kalmomin nan uku wacce ce taka? Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ganganci ne, Malam."

Makonnin ƙarshe na ƙarar da su a kan sa hannu. Na gaya musu cewa hukumar COREN, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 55 ta 1970, ita ke yi wa injiniyoyi rajista, tana kuma da ikon soke sunan wanda ya ci amanar sana'a. Na gaya musu cewa "oga ne ya sa ni" ba ya wanke wanda ya sa hannu a kan abin da ya san ƙarya ne. Na kuma ba su misalin benen nan mai hawa 21 da ya rushe ana cikin gina shi a unguwar Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021, ya hallaka mutum fiye da 40. Bayan rushewar jaridu suka buga wata wasiƙa da wani kamfanin injiniyoyi ya rubuta tun watan Fabrairu na 2020, yana janye hannunsa daga aikin saboda ba zai iya lamunce ingancinsa ba. Na ce su lura da abu biyu. Wasiƙar ta tsaya wa waɗanda suka rubuta ta a ranar da ake neman mai laifi. Amma ba ta tsayar da ginin ba, waɗanda suka mutu kuwa sun mutu. Saboda haka rubutu wajibi ne, sai dai in haɗarin ya shafi rai, a kai maganar har ga hukumar da ke da ikon dakatar da aiki.

Aka yi jarrabawa, kowa ya kama gabansa, ni ma wa'adina ya cika. Bayan kamar shekara biyu, wata rana da dare waya ta buga. Mai maganar ya gaishe ni da ladabi ya ce ɗalibina ne. Ya faɗi sunansa, na yi ta lalube ban tuno fuskarsa ba, ashe cikin masu shirun nan yake. Ya ce yana duba aikin wani ɗakin kwanan ɗalibai mai hawa biyu a madadin kamfanin da ya ɗauke shi. Ya auna rodin ginshiƙai ya tarar ba shi ne na zane ba, ga shi gobe da safe za a zuba kankare, an kuma ajiye masa takardar amincewa ya sa hannu. Ya yi wa maigidansa magana, an ce masa kada ya kawo ƙaramin karatu cikin harkar manya. Ya ce, "Malam, mahaifiyata da ƙannena da wannan albashi suke ci. Me zan yi?"

Mai karatu, a nan bakina ya yi nauyi. A aji abu ne mai sauƙi in ce kada a sa hannu, domin ni ba abincina ne a kan faranti ba. Na dai gaya masa abin da doka ta ce, da yadda zai rubuta abin da ya gani, da kwanan wata, da hotuna, da waɗanda zai aika wa. Ban iya ce masa ya yi ko kada ya yi ba. Shi ne ya katse shirun ya ce, "Na tuna allon nan, Malam. Yaran da za su kwana a ciki su ne maƙwabtan." Bai sa hannu ba. Takardarsa ta kai ga masu ginin, aka dakatar da zubin, aka sauya rodin. Kafin wata ya ƙare kuma aka sallame shi da wani dalili na daban, ya yi wata takwas yana zaune kafin ya sami wani aiki. A cikin watannin nan na sha tambayar kaina ko na yi masa adalci, da na koya masa nauyin da ke kansa ban tanadar masa abin da zai dogara da shi ba ranar da ya ɗauka.

Da muka haɗu daga baya ya gaya mini abin da ya tsaya mini a rai. Ya ce abin da ya fi ba shi wuya a daren nan shi ne babu wanda zai tsaya tare da shi a wurin aikin. Mai ɗaurin rodi ya san an rage ƙarfe, birkila ya sani, leburori sun gani, amma a ganinsu wannan magana ce tsakanin masu Turanci. Ba wanda ya taɓa gaya musu da harshen da suke ji cewa su ma doka ta san da su, ko a matsayin masu haƙƙi ko a matsayin masu laifi. Kwangila da Turanci, zane da Turanci, dokar gini da Turanci, alhali kuwa hannuwan da ke aza bulo da Hausa suke tunani.

Wannan shi ya sa na tattara na zo nan. Na ga da idona yadda kalmomi irin su tayi, da sallamawa, da lamuni, da sakaci, da maƙwabci suka buɗe abin da Latin ya kulle. Na kuma ga inda na tsaya cik, domin akwai ma'anoni da dama na dokar yarjejeniya da ta diyya waɗanda har yanzu kowane mai fassara da irin kalmar da yake ba su. Lauya shi kaɗai ba zai iya wannan aiki ba, injiniya ma haka, sai an haɗa da wanda ya san asalin kalma da inda ma'anarta ta tsaya. Ina roƙon malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu neman abin da za su yi bincike a kai, su waiwayi wannan fage. A shiga kasuwa da wuraren gini da zaurukan malaman fiƙihu a tattaro kalmomin da ake da su, a tace su, a fitar da ɗan littafin da mai ɗaurin rodi zai iya karantawa ko a karanta masa. In an yi haka, wata rana yaro irin ɗalibin nan nawa, in ya ƙi sa hannu, zai waiwaya ya ga mutane a bayansa.